Begila Mai Batir

Ruben Tolliver ya zaro kayan faretinsa daga kabad a hankali, don kada ledar da aka lulluɓe su da ita ta yi ƙara. Sai da ya kai ƙofar kicin sannan ya ga wahalar banza ya yi. Matarsa Nadine na tsaye gaban murhu tana dama wa mahaifiyarta kunu. Ta ba shi baya, amma matar da ta shekara goma sha ɗaya da mutum ba ta bukatar ido kafin ta gan shi.

"Yau ma?"

"Yau ma."

"Ba makon jiya kuka yi atisayen wata ba?"

"Wannan jana'iza ce. Wani tsohon soja ne, can bayan kogi. Sun sa sunana."

"Sun sa sunanka." Ta ɗiga kunun a bayan hannu ta ji zafinsa. "Yau Asabar fa, Ruben. Wankan Mama."

"Na sani. Kafin ƙarfe ɗaya na dawo. Ki jira ni, kada ki ce za ki ɗaga ta ke kaɗai."

"Haka ka ce waccan Asabar ɗin. Huɗu ta gota ka shigo."

"Umarni ne, Nadine. Ba ni na kafa rundunar ba."

Ta ci gaba da dama kunun. A wannan yanki na Ohio, inda kusan kowane gida ke da hoton wani mai kaki a bango, ba a musu da wannan kalmar. Ana iya musu da fasto, ana iya musu da likita, amma in miji ya ce umarni ne, sai matar ta haɗiye sauran maganarta ta nemo masa safa. Ruben ya san haka sarai. Shi ya sa ya zaɓe ta.

Shekara uku ke nan da ya shiga sojan ko-ta-kwana, yana da talatin da uku, tumbi ya fara tasowa, ya gaji da gyaran injinan ɗumama gidajen mutane. Sharaɗin mai sauƙi ne: Asabar da Lahadi ɗaya a wata, sai mako biyu lokacin zafi. Nadine ta yarda, har ta toya kek ranar da ya dawo daga horo. Sai ga shi a watan Fabrairun bara ɓarin jikin mahaifiyarta Velma ya shanye, aka kwashe kujerun falo aka kafa mata gado. Litinin zuwa Juma'a wata mata daga hukumar gunduma ke zuwa ta zauna da ita, su kuma su tafi aiki. Asabar da Lahadi tasu ce su biyu. Wanka kuwa sai da bayan namiji, domin Velma mace ce mai jiki.

Ba nauyin ne ya kori Ruben ba. Velma ta shekara ashirin tana shugabar makaranta, kuma tun ranar da ya fara zuwa wurin 'yarta take kallonsa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Yanzu ga shi zai zura hannuwa ƙarƙashin hammatarta, daga ita sai tawul, ya cicciɓe ta ya sa a baho, fuskarsa a jikin kafaɗarta. Hawaye ke zuba daga idonta guda mai lafiya, tana maimaita kalma ɗayar da ciwon ya bar mata: a'a, a'a, a'a. Ya gwammace ta ci gaba da raina shi da ta riƙa jin kunyarsa haka.

Rannan a bariki ya ga wata takarda manne a allon sanarwa, ana neman masu sa kai. Duk tsohon sojan da ya mutu, ana tura masu kaki biyu su busa masa begila su naɗe masa tuta. Tsofaffin sojoji suna mutuwa kowace rana ta Allah, amma ranar Asabar aka fi binne su, saboda 'ya'yansu na da aiki. Ruben ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ari biro. Ba wanda ya sa sunansa. Rubutunsa ne, har da lambar waya.

Kafin ya fita ya leƙa falo. "Mama, sai na dawo." Velma ta bi ledar kayan da ido har ƙofa.

Saja Bernice Lund na jiransa a motar bariki, da kofi biyu da kwalin donat a kan cinya. Ta haura hamsin, ranakun aiki ita ke tsara wa direbobin motocin makaranta hanya, kuma da wannan muryar take yi wa kowa magana.

"Ga angon maƙabarta. Tolliver, wai macizai ne a gidanka? Tunda nake ban ga mutumin da ke gudun gado ranar Asabar kamarka ba."

"Kishin ƙasa ne, Saja."

"Kishin ƙasa a wannan tumbin? Ɗauki donat guda. Guda na ce, maɓallin rigarka na roƙon Allah. Ka duba batir?"

"Sabo na sa jiya."

"Ka duba dai. Ban manta da abin da ya faru da Kofur Reyes ba. Ana tsakiyar busa abu ya shaƙe kamar an taka agwagwa, shi kuma ya tsaya da baki a jiki yana zare ido."

Masu iya busa begila sun yi kaɗan, matattu kuma sun yi yawa, sai rundunar ta samo dabara. Begilar ta gaske ce, tagulla, tana ƙyalli. Amma a cikin bakinta an cusa wata 'yar na'ura baƙa. Ka danna da babban yatsa, ka ƙirga biyar kana ɗaga ta zuwa leɓe, sai ta rera busar bankwana da kanta, tsaf, ba kuskure. Aikinka kawai ka tsaya ƙyam, kada ka kumbura kumatu, kada ka sauke kafin ta gama. An ce Ruben ya fi kowa iyawa a rukuninsu.

A ƙofar maƙabarta Saja Lund ta miƙo hannu. Ya kashe wayarsa ya ba ta, ta haɗa da tata ta jefa a aljihun mota ta rufe. Dokarta ce tun ranar da wayar wani ta saki kiɗan rawa a bakin kabari.

Mamacin Harlan Voss ne, shekara tamanin da takwas. Mutum bakwai suka zo, har da fasto da mai kamfanin jana'iza. Ruben ya yi takunsa talatin ya tsaya tsakanin kaburbura, inda ake ganinsa amma ba a ganin yatsunsa. Iska na kaɗa busasshen ganye a kan ciyawa. A nan ne kawai, duk mako, yake jin ƙirjinsa ya buɗe. Mamaci ba ya jin kunyarka, ba ya kuka, kuma sau ɗaya tak ake ɗaga shi.

Saja ta ɗan gyaɗa kai. Ya danna, ya ƙirga, ya ɗaga. Sautin ya bazu a hankali, wata 'yar mamacin ta fashe da kuka daidai inda aka saba fashewa. Da aka gama ya koma suka naɗe tuta, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har ta zama 'yar kusurwa uku. Saja ta durƙusa gaban matar mamacin ta miƙa mata a madadin ƙasa mai godiya.

Suna shirin juyawa tsohuwar ta yafito shi da sandarta. Opal Voss 'yar ƙarama ce, ta nutse a cikin baƙin kwat, idanunta a bushe ƙamas.

"Zo nan, ɗana. Kai mai busa."

Ya sunkuya. "Allah ya ba ki haƙuri, Mama."

"Ka yi ƙoƙari. Ko kumatunka ba su motsa ba."

"Na gode."

"Na ga babban yatsanka." Ta yi wani guntun murmushi. "Kada ka damu, ba zan gaya wa yaran ba. Harlan ya shekara tara yana wannan aikin tare da ƙungiyar tsofaffin sojoji. Irin wannan begilar ce da shi, a gareji yake ajiye ta. Ni ke sayo masa batir."

Ruben ya sunkuyar da kai.

"Kafin begila kuma bindiga ce, yana harba wa matattu harsashi marar kai. Shekara arba'in, kowace Asabar yana da wanda zai binne. Ni ina gida da yara biyar da uwarsa mai ciwon sukari. Duk garin nan na cewa ba mutumin kirki kamar Harlan Voss." Ta shafa tutar da ke cinyarta. "Mutumin kirki ne kuwa. Ka tambayi duk wanda ke kwance a nan. Kana da mata?"

"Ina da."

"Ina take?"

"Tana gida."

"To," in ji Opal. Ta juya wurin 'yarta. "Ku kai ni mota, ƙafata ta yi sanyi."

Goma sha ɗaya da rabi suka koma mota. Da wata Asabar ce, sai su tsaya a gidan abincin bakin gada su ci nama da dankali, Ruben ya ƙara kofi, ya ƙara wani, ya raka Saja mayar da mota, ya goge begila har ta ƙoshi da guga. Haka ƙarfe ɗaya ke zama huɗu. Ya kunna waya yana tunanin yau dai zai wuce gida kai tsaye. Ya ma fara jin daɗin kansa a kan wannan niyyar.

Kira tara, duk na Nadine. Sai saƙo guda: Mama ta faɗi a banɗaki. Muna asibitin gunduma.

Saja Lund ta karanta a fuskarsa kafin ya buɗe baki. Ba ta yi ba'a ba. Ta juya motar a tsakiyar titi.

Ya shiga asibiti da kayan fareti, har da farar safar hannu da ya manta bai cire ba. Mai gadi ya miƙe ya buɗe masa ƙofar da ke buɗe kanta. Wani dattijo mai jan tulun iskar numfashi a keke ya kama hannunsa ya ce ya gode da hidimar da yake wa ƙasa. Matar da ke kan tebur ta tsallake mutum uku ta tambaye shi wa yake nema. Kafin ya kai ƙarshen baranda wani ya danƙa masa kofi ya ce an biya. Ya riƙe kofin kamar garwashi.

Nadine na zaune a kujerar roba, a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Wandonta a jiƙe yake har gwiwa, silifas ɗin wanka ne a ƙafarta. Ba wanda ya ba ta kofi.

"Yaya take?"

"Tsintsiyar hannu ta karye. Ƙugu bai karye ba, sun ɗauki hoto. Goshinta ɗinki huɗu."

"Na ce ki jira ni."

Ya ji munin maganar tun kafin ta gama fita.

"Ta ɓata jikinta da ƙarfe tara, Ruben. Har baya. In bar ta a ciki zuwa ƙarfe ɗaya? Ko zuwa huɗu?" Muryarta a kwance take. "Na shigar da ita lafiya. Wajen fitarwa ne bayana ya ƙi. Muka tafi tare, ita a ƙasa."

Ya zauna, ya bar kujera ɗaya a tsakaninsu. Ya miƙa mata kofin. Ta karɓa ta kurɓa, domin gajiya ba ta san fushi ba.

"Yaya jana'izar?" ta tambaya.

"Lafiya."

"Mutane da yawa?"

"Bakwai."

"Ai gara da ka je. Da shida ne."

Ya fara zare safar hannun, yatsa bayan yatsa. A mota ya shirya magana. Zai ce akwai abin da ya kamata ta sani. Ya ma zaɓi lokacin, bayan an sallami Velma, bayan Nadine ta huta. Mai laifi kullum yana son ya furta da bakinsa, don a rage masa wani abu saboda gaskiyarsa.

"Da na rasa ka," in ji Nadine, "sai na kira lambar nan da ka manna a jikin firij. Ta gaggawa. Wani Saja-manjo Brandvold ya ɗauka. Yana wurin kamun kifi, ina jin ƙarar ruwa. Na ce ya taimaka ya sake ka, ko na yau kaɗai."

Ruben ya kalli tayil ɗin ƙasa.

"Mutum mai fara'a. Ya ce, uwargida, ai ba ni na riƙe shi ba. Ya ce aikin jana'iza ba a tilasta wa kowa. Ya ce sau goma sha tara ka sa hannu bana, ba wanda ya kama ƙafarka a duk rukunin. Har ya ce in ba ka sani ba kada in gaya maka, sun rubuta sunanka za a ba ka lambar yabo a taron iyali na Disamba. Ni ma akwai takardar godiya da za a ba ni." Ta sake kurɓar kofin. "Na ɓata maka abin mamaki. Ka yi haƙuri."

"Nadine."

"Ina tsaye a banɗaki yana wannan bayanin, Mama na kwance a ƙasa da tawul, muna jiran motar asibiti. Na ce masa na gode, lallai ina alfahari."

"Ban san yadda zan gaya miki ba. Ba ke ba ce. Ba ma ita ba ce. Kukan da take yi in na ɗauke ta..."

"Na san kukan. Ni ce ke wanke fuskar bayan ka ajiye ta." Ta juyo ta dube shi, karo na farko. "Kana tsammanin don ka gudu nake jin haushi? Wa ba zai gudu ba? Uwata ce, kuma akwai ranar da nake zama a mota gaban kanti minti ashirin, na gama sayayya, ina kallon bango. Amma ni in na dawo sai in ce layi ne ya yi tsawo, in ji kunya. Kai kuwa ni ke goge maka rigar gudun. Da sitaci."

Wata nas ta wuce da keken magunguna ta yi wa Ruben murmushi. Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Zan cire sunana. Yau ɗin nan. Zan kira Saja Lund."

"Ka cire, ka zauna, ka riƙa kallonmu kamar mu muka ɗaure ka? Sannan duk bariki a ce matar Tolliver ce ta hana shi binne jarumai." Ta girgiza kai. "Ka san abin da na tambayi Saja-manjon naka kafin in kashe waya?"

"Me?"

"Na ce ko suna ɗaukar mata irina. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Na ce da gaske. Sai ya tambayi shekaruna." Ta ajiye kofin a kujerar da ke tsakaninsu. "Ya ce na wuce."

Ruben ya so ta yi ihu. Ya so ta watsa masa kofin a farar rigar, mutanen baranda su gani, a san ko wane ne shi. Ba ta ba shi wannan ba. Ta jingina kai da bango ta lumshe ido, suka zauna haka, shi da lambobinsa a ƙirji, ita da ruwan wanka na bushewa a ƙafafunta.

Labule ya buɗe, wata nas mai furfura ta leƙo da takarda a hannu.

"Iyalin Velma Ashby? An gama ɗaurin, za ta iya komawa gida. Amma kafin nan sai na nuna muku yadda za a riƙa ɗaga ta, yanzu da hannunta mai lafiya ma ya tafi hutu. Daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa banɗaki, kusan sau shida a rana." Ta dubi Nadine, ta ga yadda ta karkace. "Ke kam ba ke ba, 'yar'uwa. Mako uku ko kwandon wanki ban yarda ki ɗauka ba." Ta juya ga Ruben, muryarta ta yi laushi. "Yallaɓai, na san irin aikinku, ba ku da ikon kanku. In ba ka samun zama a gida, ku faɗa mini yanzu in nemo ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, a duba gidan kula da tsofaffi."

Ta tsaya tana jira, biro a kan takarda.

Nadine ba ta buɗe ido ba. Kalmar nan ɗaya, umarni, ta ishe shi, kuma ya ga ba za ta ƙaryata shi ba, ko a nan ko a gida. Ta bar masa ƙofar a buɗe, ta koma gefe ta ga abin da zai yi da ita.

Ta cikin labulen yana hango Velma a kan gado, goshi da filasta, hannu cikin farin ɗauri. Idonta mai lafiya na kansa.

"Ina gida," in ji Ruben. "Ni ne mai ɗagawa."

"To cire wannan rigar, ba za ka iya ɗaga hannu a cikinta ba."

Ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ya cire rigar, ya riƙe ta a kafaɗu yadda ba za ta yamutse ba, ya miƙa wa Nadine ta riƙe masa, kamar yadda ya saba. Yanzu idonta a buɗe yake. Ta dubi rigar, hannuwanta na kan cinya, ba ta motsa su ba.

Ya ɗan tsaya da ita a hannu. Babu ƙugiya a bangon, kujerar kusa kuma da kofi a kai. Sai ya ninka ta biyu ya ajiye a ƙasa, kusa da silifas ɗin matarsa, ya naɗe hannun rigarsa ta ciki ya shiga.

"A'a," in ji Velma da ta ga ya sunkuyo. "A'a, a'a."

"Na sani, Mama," ya ce. "Ɗora hannunki a wuyana."